Shirin Abincin Kirsimeti Sa'ad da Dangi Za Su Sauka a Gidanmu

Darasi domin iyalai da ƙungiyoyin majami'a

Gabatarwa

Da zarar an kawar da amfanin gona, sanyin hunturu kuma ya fara sauka, hankalin kowane gidan Kirista yakan koma ga bikin haihuwar Ubangijinmu. A wannan lokaci ne 'ya'ya da jikoki suke baro birane su nufo gida, surukai su ziyarci juna, waɗanda aka shekara ba a gani ba su yi sallama a ƙofa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Gaskiya ne, amma wanda ya taka ƙafa ya zo, tilas a ciyar da shi. Saboda haka akwai tambayoyi huɗu a gaban maigida da uwargida: me za a dafa, yaya yawansa, da wane kuɗi, wa kuma zai tsaya a kan murhu?

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce wadda ba ta cancanci darasi ba. Gidaje da yawa sukan shiga watan Janairu da bashi a wuya, yara su zauna a gida don rashin kuɗin makaranta. A waɗansu gidajen kuwa, abincin da aka dafa domin murna shi yake kai yaro asibiti, ko kuma rabon nama ya haddasa gaba tsakanin 'yan'uwa har shekara ta zagayo. Abin da za mu koya a nan guda ɗaya ne: tsarin abincin biki yana farawa daga ƙirga mutane da auna abin da yake hannu, zaɓen irin girki daga baya yake zuwa. Za mu ɗauki garin Kongolam ya zama misalinmu, gama abin da ya dace da can zai dace da yawancin garuruwanmu.

1. Mu san inda muke zaune

Kongolam yana cikin Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa, a ƙasar Daura, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Wanda ya ƙetare iyaka sai ya samu kansa a Ɗan Barto, kan hanyar da take zuwa Damagaram. Ƙasa ce mai jigawa, ruwan samanta ba shi da yawa, don haka gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi su ne ƙarfin rumbunta, ga kuma awaki da tumaki da zabi. Kiristoci a wannan yanki kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, da yawa daga cikinsu kuwa aiki ko ciniki ne ya kawo su.

Mazaunin bakin iyaka ya san kasuwa ba ta da tabbas. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyakar ƙasashen biyu, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. A farkon 2023 an sha wahalar ƙarancin takardun kuɗi, a ƙarshen watan Mayu na shekarar kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na kaya suka tashi. Darasin da waɗannan shekaru suka koya mana shi ne, gidan da ya ɗora bikinsa a kan kayan da sai an kawo daga nesa, yana cikin hatsari. Wanda ya ɗora shi a kan abin da ƙasarsa take bayarwa, shi ne mai kwanciyar hankali.

2. A fara da ƙirga bakuna

Kuskuren farko da akan yi shi ne a tafi kasuwa ba a san mutum nawa za a ciyar ba. Bari maigida da uwargida su zauna tare da takarda da alƙalami, su kasa masu cin abinci kashi biyar: mutanen gida, baƙin da za su kwana, masu shigowa gaisuwa, gidajen maƙwabta da za a aika wa, da rabon mabukata.

Ga misali. Gida ne mai mutum 8, manya 3 da yara 5. Baƙi 10 za su kwana, manya 6 da yara 4, waɗansu daga Malumfashi, waɗansu daga Kano. Idan muka ƙirga yara biyu a matsayin babba ɗaya, muna da cin manya kusan 14. Masu shigowa gaisuwa mu ce 15 ne, amma da yake sun ci a wani gida kafin su iso, rabin kwano ya ishi kowannensu, wato cin mutum 8. Gidajen maƙwabta 6 ne, kowanne za a zuba masa na mutum 4, ya zama 24. A ware na mutum 4 domin gwauruwa ko maraya ko mara lafiya. Jimla 50 ke nan.

Ku lura da abin da lissafin ya nuna. Gidan da yake zaton mutum 18 zai ciyar, ashe 50 ne, kusan rabinsu kuwa kwanukan maƙwabta ne. Wanda bai ƙirga su ba tun farko, shi ne wanda tukunyarsa take ƙarewa kafin surukinsa ya wanke hannu.

Daga nan sai awo. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yakan ishi manya kusan 8 idan akwai miya da ganye da nama. Cin mutum 50 zai ɗauki kilo 6 da 'yan kai, sai a cika 7 domin baƙon da ba a zata ba. Da yake mudun wani gari ba na wani gari ba ne, yana da kyau uwargida ta auna mudunta ko tiyarta a sikelin mai kanti sau ɗaya, ta riƙe lissafin. Game da nama, akuyar da aka yanka aka feɗe, aka cire kai da ƙafa da kayan ciki da fata, abin da yake saura bai cika wuce rabin nauyinta ba. Bunsuru mai kilo 25 zai ba da nama da ƙashi wajen kilo 11 zuwa 12. Idan kowa ya samu giram 150, wato tsoka biyu masu kyau, kilo 7 da rabi ya biya bukatar ranar biki, saura kuma ya zama na kashegari da guzurin matafiya. Ashe dabba ɗaya ta isa, ba sai an ƙara rago don mutane su gani ba.

Akwai abin da akan manta da shi a lissafi, wato ruwa. Labarin gargajiya na Daura ya ce baƙon nan Bayajida ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, domin ranar Juma'a kaɗai ake iya ɗiba a rijiyar Kusugu. Har yau abin da baƙo yake fara nema ke nan. Masana lafiya suna ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake bukata a rana domin sha da girki da tsabta. Wato jarka guda kowane kai. Gida mai mutum 18 yana bukatar jarka 18 kowace rana, ban da wanke-wanken biki. A cika randuna da durom tun da wuri, a kuma yi magana da ɗan garuwa kafin ranar.

3. A auna aljihu da rumbu

Ubangijinmu ya koyar a Luka 14 cewa mai niyyar gina hasumiya yakan fara zama ya yi lissafin abin da za ta ci, don kada ya kafa tushe ya kāsa gamawa. Haka yake ga tukunyar biki. Kafin a ware kuɗin Kirsimeti, a fara cire kuɗin makarantar Janairu, da kuɗin haya, da abincin gida na watan da yake tafe, da ɗan abin da za a ajiye saboda rashin lafiya. Abin da ya rage shi ne kuɗin biki. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Manoma a cikinmu suna da jaraba ta musamman. A watan Disamba hatsi yana da araha domin kowa yana da shi. Wanda ya fasa rumbu ya sayar da buhunan gero domin ya sayi shinkafa da lemon kwalba, zai koma kasuwa a tsakiyar damina ya sayi geron nan da tsada, a daidai lokacin da yake bukatar ƙarfin noma. Irin shuka da abincin damina ba kayan biki ba ne. Haka kuma bai kamata a ci bashi mai ruwa domin abincin yini ɗaya ba.

Babu abin kunya idan maigida ya gaya wa 'yan'uwansa masu zuwa abin da kowa zai riƙo. Na Kano ya zo da man girki da kayan ƙamshi, na Malumfashi ya zo da masara ko shinkafa 'yar gida, mai albashi ya ɗauki rabin kuɗin dabba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kuma tuna, a 2016 aka hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa. Bai dace mu yi bikin haihuwar Mai Ceto da kayan fasa-ƙwauri ba, balle mu jefa matafiyinmu cikin rigima a shingen hanya. Shinkafa 'yar gida, idan an tsince an rege, tana yin dafa-duka da waina da tuwo yadda ake so.

4. Zaɓen abinci

Littafin Farawa sura 18 ya nuna mana abin da Ibrahim da Saratu suka sa a gaban baƙinsu uku: gurasar da aka yi da lallausan gari, naman ɗan maraƙi, kindirmo da madara. Babu ko ɗaya da aka sayo daga wata ƙasa. Abin da yake cikin gida ne, aka yi shi da kyau, aka kawo da sauri, maigida kuma ya tsaya kusa da su suna ci. Wannan shi ne ma'auninmu.

Ƙa'ida mai sauƙi ita ce a ƙirga murhu da hannaye. Kowane girki yana cin murhu ɗaya da mutum ɗaya. Gidan da yake da murhu uku da masu girki uku, ya jera girki bakwai, lalle wani zai ƙone, wani ya yi ɗanye. Babban abinci ɗaya, abincin gargajiya ɗaya, miya ɗaya, nama iri ɗaya, ganye, da abin sha biyu, sun isa kowane biki. A kuma guji gwada sabon girki a ranar. Wadda take so ta koyi wani abu, ta gwada shi tun makonni biyu kafin baƙi su zo. Ga tsari na kwana uku wanda kowane gida zai iya gyarawa bisa ga ƙarfinsa.

Jajibere, 24 ga Disamba. Matafiya suna isowa a gajiye, ba kuma lokaci ɗaya ba. Tuwon gero ko na dawa da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa ya fi dacewa, gama yana jiran mutum, ba ya kuma cin kuɗi. A tarye su da ruwa da kunun tsamiya mai zafi. A ci da wuri, domin dokar Ikklisiya ta ce mai karɓar Tarayya Mai Tsarki ya dakata da ci da sha, ban da ruwa da magani, aƙalla sa'a ɗaya kafin ya karɓa, ko da yake an ɗauke wa tsofaffi da marasa lafiya. A daren nan ne ake jiƙa shinkafar waina a niƙa, a bar ƙullu ya tashi.

Ranar Kirsimeti, 25 ga Disamba. Da safe kunun gyaɗa da ƙosai, ko shayi da burodi, abin da ba zai hana kowa zuwa majami'a ba. Da rana babban abinci: shinkafa dafa-duka ko fara da miyar tumatir, soyayyen nama, da kwaɗon zogale ko kabeji da karas, waɗanda masu lambu suke fara kawowa a wannan lokaci. A gefe kuma waina da miyar taushe ta kabewa da yakuwa da gyaɗa, wadda tsofaffi da maƙwabta suka fi so. Abin sha zoɓo da kunun aya ko kunun zaƙi, gama kuɗin katan ɗaya na lemon kwalba zai yi zoɓon da zai ishi unguwa. Da dare farfesun kayan ciki, wanda yake maganin sanyin hunturu. Idan bikin ya faɗo ranar Juma'a, kamar a 2020 da 2026, kada kowa ya damu, gama doka mai lamba 1251 ta ɗauke ƙauracewa nama a Juma'ar da babban idi ya faɗo a kanta.

Kashegari, 26 ga Disamba, ranar tunawa da Istifanus mai tsarki. Kai da ƙafa da aka bari a wuta tun dare, da dambu da zogale ko ɗanwake. A wannan rana ake ɗaure wa masu komawa guzuri: dambun nama, cincin, soyayyiyar gyaɗa, abubuwan da ba sa lalacewa a hanya.

5. Abincin da kowa zai iya ci

Sa'ad da jama'ar Isra'ila suka yi babban taro a zamanin Nehemiya, kamar yadda sura 8 ta littafinsa ta nuna, an umarce su su ci su sha, su kuma aika wa waɗanda ba su shirya kome ba. Aika abinci tsohuwar al'ada ce ta mutanen Allah, al'ada ce kuma ta ƙasar Hausa. Maƙwabtanmu Musulmi suna aiko mana da naman layya a Babbar Salla, da tuwo da waina a Ƙaramar Salla. Kirsimeti ne lokacin da muke rama alheri, ya kamata kuwa mu rama shi ta hanyar da za su iya karɓa da sakin zuciya.

Saboda haka gidaje da yawa sukan kira maƙwabci Musulmi ko mahauci ya yanka musu dabba. Wannan bai rage kome daga bangaskiyarmu ba. Manzo Bulus, a Romawa 14 da 1 Korintiyawa 8, ya koyar cewa ƙauna ta fi 'yancin cin abinci nauyi, kada abin da yake cikin kwanonmu ya zama sanadin tuntuɓen wani. A kan wannan dalili naman alade ba shi da wuri a tukunyar da za a raba wa unguwa. Giya ma haka. Jihar Katsina tana cikin jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a 2000, amma ko ba don doka ba, mun san yawan kuɗin da giya take lashewa da yawan faɗan da take tayarwa a tsakanin dangi.

A aika abincin maƙwabta da wuri, da zafinsa, cikin langa mai murfi, a hannun yaro mai ladabi wanda ya iya gaisuwa. Kada a jira sai an ci an ƙoshi a aika da ƙanzo. Idan mun san wani gida ba sa cin dafaffen abincin biki saboda fahimtarsu ta addini, a kai musu cincin ko lemon zaƙi ko ɗanyen nama, ko a bar shi a gaisuwa kawai. Wanda ya ƙi karɓa kada a riƙe shi a zuciya, gama ba a tilasta kyauta.

A cikin gida ma akwai waɗanda tukunya ɗaya ba ta yi musu ba. Mai hawan jini yana bukatar ƙarancin gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙulen ɗanɗano. Mai ciwon sukari a ɗebar masa zoɓo da kunu kafin a sa sukari, a ƙara masa ganye da wake. Mai gyambon ciki da ƙananan yara a ɗebar musu miya kafin a zuba attarugu. Tsohon da haƙoransa suka yi rauni a dafa masa nama ya yi laushi. Duk wannan ba ya cin ƙarin kuɗi, tunawa kawai yake bukata. A kuma fara sallamar yara da tsofaffi kafin majiya ƙarfi su zauna, a sa mutum ɗaya mai adalci ya raba nama, domin kada 'ya'yan wani ɗaki su ga an fifita na wani.

6. Ba a fafe gora ranar tafiya

Ikklisiya ta ba mu Lahadi huɗu na shirin zuwan Almasihu. Yayin da muke shirya zukatanmu, za mu iya bin makonnin nan mu shirya gida. A mako na fari a yi lissafin mutane da na kuɗi, a sanar da dangi abin da za su kawo. A mako na biyu a sayi busassun kaya: shinkafa, wake, gyaɗa, zoɓo, aya, daddawa, citta, kanumfari, mai da gishiri. A mako na uku a nemi dabba. Babbar kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa tana ci ranar Lahadi, saboda haka a fara halartar sujada, sa'an nan a tafi kasuwa. Wanda ya bari sai Lahadin ƙarshe, zai saya cikin gaggawa, mai gaggawa kuwa ba ya taya ciniki. A duba dabba da kyau: idonta garau, hancinta ba majina, tana cin abinci, tana tsaye da ƙafafunta. Dabba mara lafiya ba ta da araha kome ƙanƙantar kuɗinta. A mako na huɗu a yi niƙa, a tara itace ko gawayi, a soya cincin, a wanke randuna da tukwane da tabarmi. Tumatir da tattasai da ganye su ne na ƙarshe, kwana ɗaya ko biyu kafin biki.

7. Tsabta da lafiya

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 suke kamuwa da cuta kowace shekara ta wurin gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su mutu, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Nahiyar Afirka ce ta fi jin nauyin wannan. Ranar biki kuwa hatsarin ya fi yawa, domin ana dafa mai yawa, ana ajiye shi ya daɗe, hannaye da yawa kuma suna taɓa shi.

Hukumar ta ba da ƙa'idodi biyar: a kiyaye tsabta, a raba ɗanye da dafaffe, a dafa sosai, a ajiye abinci da zafinsa ko da sanyinsa, a yi amfani da ruwa da kaya masu kyau. Ma'anarsu a gidajenmu ita ce, wuƙa da faranti da suka taɓa ɗanyen nama kada su taɓa kabeji sai an wanke su da sabulu. Nama ya dahu har cikinsa, ba sauran ja. Dafaffen abinci kada ya wuce sa'a biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba kuma cikin firiji ba. Sanyin safiyar hunturu kada ya ruɗe mu, gama da rana zafi yakan dawo.

Shinkafa tana da hatsari na musamman. Akwai wata ƙwayar cuta da take jure tafasa, idan shinkafa ta huce ta daɗe a ajiye sai ta hayayyafa ta zuba dafi, dafin kuwa ɗumame ba ya kashe shi. Don haka, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, gara a dafa shinkafa kashi biyu, na rana daban, na yamma daban, da a dafa babbar tukunya tun asuba. Naman da ba za a ci a ranar ba a soya shi ya bushe, ko a yi dambunsa. Zoɓo da kunun aya a yi su da tafasasshen ruwa, kunun aya kuma a sha shi a ranar. Nono a tafasa madararsa kafin a kafa. Ganyen da za a ci ɗanye a wanke shi sau da yawa da ruwa mai tsabta. A rufe kowane abinci saboda ƙura da ƙudaje da ɓeraye, gama zazzaɓin Lassa, wanda ɓera yake yaɗawa, a watannin rani ya fi yawa. A ƙofar shiga a ajiye buta da sabulu, a zuba wa kowa ruwa a hannu, maimakon kowa ya tsoma cikin kwano ɗaya. A nisantar da yara daga kaskon suya, a kashe wuta sarai kafin a kwanta, domin iskar hunturu ba ta wasa da gobara.

8. Rabon aiki

Labarin Marta da Maryamu a Luka 10 sananne ne a gare mu. Ubangiji bai raina hidimar Marta ba, damuwar da ta cika zuciyarta ce ya yi magana a kai. A gidaje da yawa uwargida da 'yan mata sukan kwana a bakin murhu, su rasa sujadar dare da ta safe, su ci abinci a tsaye bayan kowa ya gama. Bikin da ya hana uwar gida zuwa majami'a yana bukatar gyara. Yanka da fiɗa da faskare da ɗiban ruwa da kai niƙa aikin maza da samari ne. Yara su tsince shinkafa, su kai kwanukan maƙwabta, su share tsakar gida. Baƙon da ya kwana biyu shi ma a ba shi abin yi. A tsara yadda waɗansu za su je sujadar dare, waɗansu ta safe, ba wanda zai rasa. Matan Zumunta da suke zaune kusa da juna za su iya haɗa suyar cincin da niƙa a rana ɗaya, su kuma ara wa juna tukwane.

9. Abin da ya rage

Bayan da Yesu ya ciyar da taron dubu biyar, ya sa almajiransa su tattara gutsattsarin da suka rage don kada kome ya lalace, suka cika kwanduna goma sha biyu, kamar yadda Yohanna 6 ya faɗa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan ɗaya a duniya, kashi 60 cikin 100 kuwa a gidaje aka zubar. Abin da muka ga ba za mu iya ci ba, a ba da shi tun yana da kyau: ga almajiri, ga mai gadi, ga ma'aikacin da yake bakin aiki a kan iyaka bai samu zuwa gida ba, ga mai jinya a asibiti. Ba da abin da ya riga ya lalace ba sadaka ba ce.

Kammalawa

'Yan'uwa, wanda muke murnar haihuwarsa an kwantar da shi a komin dabbobi, makiyaya ne kuma baƙinsa na fari. Ba ya auna bikinmu da girman rago. Mu ƙirga mutanenmu, mu auna abin da Allah ya ba mu, mu dafa shi da tsabta, mu raba shi da adalci, mu kuma zauna mu ci tare. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A gidanmu, mutum nawa muka ciyar a bikin da ya wuce, nawa kuma muka yi shiri dominsu?
2. Wane kashe kuɗi ne muke yi don idon mutane, wanda za mu iya bari a bana?
3. Wane maƙwabci ko mabukaci ne ba mu taɓa aika masa da kwano ba?
4. Yaya za mu raba aiki domin kowa a gida ya samu halartar sujada?

Addu'a

Ya Uba mai ciyar da dukan halitta, ka sa albarka a rumbunanmu da tukwanenmu. Ka kawo matafiyanmu lafiya, ka mayar da su lafiya. Ka ba mu hikimar auna abin da muke da shi, da zuciyar tunawa da wanda ba shi da kome, ka kuma ƙara zaman lafiya tsakaninmu da maƙwabtanmu. Ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.